Abin da Sikeli Bai Auna Ba

Da safe a Dakace aka miƙo mini takarda,
layi goma sha biyu, da gurbin sa hannu a ƙasa.
Layi na bakwai ya ce:
babu gumin dole a waken suyar da muke saye.
Manaja ya ce, "Tabawa, sa hannu kawai,
motoci uku na jira a bakin ƙofa."

Shekara tara ina zaune gaban sikeli.
Na san buhun da aka yayyafa wa ruwa don ya yi nauyi,
na san wanda aka cusa wa tsakuwa.
Amma allurar nan ba ta taɓa gaya mini
hannun wa ya yanka, gadon bayan wa ya ɗauko ba.

Na mayar da biro cikin jaka,
na bi buhu da baya.
Direba ya ce, tambayi dillali.
Dillali a Sabon Gari, waya biyu a kunne,
ya ce, "Ni awo na sani, tambayi mai gona."
Mai gona ya yi tafiya, layinsa ba ya shiga.
Kowa ya wanke hannunsa tas,
ruwan wankin ya gangara Galma.

Na bi ruwan.

Bayan gada, inda kwalta ta gaji ta zama laka,
akwai ɗakin kwano mai ƙofa ɗaya,
kwaɗon kuma ta waje yake.
Mutum sha huɗu. Tabarma shida. Tukunya guda.
Wani dogo, Nomau, ya gaishe ni da Hausar Adar,
ya ce wata biyu aka ce musu, kuɗi a hannu,
ga shi an yi girbi, an yi casa,
har albasar rani ta fara kai.

Barau da ya kwaso su yana da ɗan littafi:
kuɗin mota, kuɗin shinge, kuɗin garin kwaki,
kuɗin allurar zazzaɓi, kuɗin laujen da ya karye.
Bashi ne irin rijiya,
kullum kana haƙa, kullum sama na ƙara nisa.
Katin shaidarsu da wayoyinsu
suna akwatin Barau, wai don kada su ɓace.

Na ce, "Me ya hana ku gudu?"
Ya dubi hanya, ya dubi faso a dugadugansa,
ya ce, "Da wane ido zan shiga gida hannu rabbana?"

Na nemi sarƙa, ban gani ba.
Babu bulala a rataye.
Littafi ne kawai mai shuɗin bango,
irin wanda nake saya wa ɗana ranar komawa makaranta.

A bayan takardar ofis na jera sunayensu,
har biro ya huda wajen layi na bakwai.
Manaja ya karanta, ya share goshi,
ya ce, "Shi ke nan, mun daina sayen kayansu."
Na ce, "Ranka ya daɗe, in mun juya baya yau,
kafin asuba an loda su zuwa wata gonar,
mu kuma mun riga mun tatse mai daga wakensu.
A biya su tukuna, kowa a tafin hannunsa.
A kira hukuma. A buɗe akwatin."

Kwana takwas ana ja-in-ja.
Ran na tara muka koma da jami'ai biyu da jakar kuɗi.
Barau ya sha ƙasa.
Mutum sha ɗaya muka tarar.
Nomau ya ƙirga nasa sau biyu,
ya karɓi wayarsa, ta ƙi kamawa,
ya riƙe ta a kunne duk da haka.

Yanzu ba buhun da ke hawa sikelina
sai na ji sunan gona, na ji wa ya biya, wa ya karɓa.
Direbobi sun sa mini suna Mai Tonon Silili.
Ba komai.

Arzika. Mantau. Da yaron da suke kira Ɗan Tawa.
Su ukun nan har yau ban samu labarinsu ba.
Takardar tana cikin aljihun teburina,
gurbin sa hannu fari fat.